Ranar da Na Ce Ta Kama

Tun kuna ƙanana kuke buɗe tafin hannuna kuna bin tabon nan da yatsa, kuna cewa, Baba a ba mu labarin Tsafe. Ni kuma sai in ba ku wanda kowa ya sani: Baffanku Haruna ya zamo daga kan maɗaci, ni ina ƙasa na damƙe igiya, igiya ta cinye min hannu, shi ya tsira da ransa da ɗingishin nan da kuka san shi da shi. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sai dai saman tuwon nake ɗebo muku, ƙanzon na bar shi a tukunya shekara da shekaru. Ke Hadiza har kin taɓa kai labarin makaranta aka tafa miki, kika dawo kina cewa ubanki jarumi ne, na yi dariya na ce ki je ki wanke kwano. To yau ga ƙanzon. Ku tauna a hankali, da ɗaci.

Kakanku Malam Jibo, da damina manomi ne kamar kowa a Karakkai, da rani kuwa mai hawa ne. Ganyen kuka, ɗorawa, saran gawo ga shanun Fulani, rataya amya, duk iccen da ya gagari mutane shi ake kira. Bai yarda da hawan ƙirji ba, wato mutum ya rungumi icce kamar ƙadangare. Igiya biyu yake aiki da su, duk na rama, shi yake tufka abinsa. Mai kaurin ita ce uwa. A ɗaura mata dutse a jefa ta tsallake reshe mai ƙarfi, bakinta guda mai hawa ya ɗaure a ƙugu, ɗaya bakin ya sauko har ƙasa, shi muke kira jela. Siririyar ita ce ɗiya. Ita ma tana ɗaure a ƙugu, sai a naɗe ta sau uku a jikin jelar a ƙulle. In ka sakar mata nauyinka ta cije, ka zauna daram a iska hannunka biyu suna aiki. In ka ja jiki sama, da yatsu biyu kake tura ta ta bi ka. Ƙullin hawainiya yake ce masa, don yadda hawainiya ke naɗe wutsiya a reshe ba ta gaggawa.

Kuma yana da doka guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Mai hawa ba ya shaidar ƙullinsa. Sai ya hau kamar tsawon mutum, ya saki jiki, sannan ya tambayi wanda ke riƙe da jela a ƙasa, ta kama? Shi na ƙasa ya sa ido sosai. In ya ce ta kama, a ci gaba. In ya ce sake, ko ƙaninka ne ya faɗa, sai ka sauko ka warware. Baba yakan ce wanda ke sama zumuɗi ke duba masa ƙulli, na ƙasa ne mai ido.

Ni na fara koya. Ni ne babba, kuma ba don ina gabanku ba, na iya. Lokacin Haruna ko katanga aka ce ya hau sai ya nemi Inna. Amma wata rana na kai kayan ɗorawa Gusau, na ga wata babbar mota a tasha tana neman yaron mota, ƙafata ta yi ƙaiƙayi. Shi ke nan. Shekara tara ina bisa hanya. Na ga Ikko, na ga Kwatano, na sha ruwan Agadas, na ci abin da har yau ban san sunansa ba a Anacha, kuma ba zan so in sani ba.

A Fatakwal ne abin da ya shafi labarin nan ya faru. Muna sauke gishiri a wani babban sito, sai na ga wani mutumin Gana yana gyaran rufi, yana rataye da igiyar roba shuɗiya. Da ya sauko shan ruwa na je na yi masa burga, na ce mu ma a garinmu da igiya muke hawa, na karɓi siririyar na yi masa ƙullin Baba, naɗi uku cif. Ya duba, ya ce ƙullin ya yi kyau. Sai ya rataya masa buhun gishiri. Ƙullin ya tsaya. Na fara washe baki. Mutumin ya ɗan girgiza buhun sau biyu, sai ga shi sululu har ƙasa. Ya ƙara naɗi uku, suka zama shida, ya rataya buhun ya hau kai ya yi ta tsalle, ko gezau. Da Hausarsa ta 'yan koyo ya ce min igiyarmu gashi gare ta, gashin ke cizo, roba kuwa ba ta da gashi. Ya ce kada in yarda da ita don ta riƙe ni sau ɗaya. Na ɗaure wannan magana a bakin zani kamar tsohuwa da goronta, na ce wannan Baba zan kai wa.

Bayan an yanke mana jiha da kamar shekara biyu, wahalar mai ta tsananta, motarmu ta yi mako da makonni a layi, maigida ya ce kowa ya je ya ga gida. Na shiga kasuwar Gusau na sayi tsaraba. Inna atamfa, Haruna takalmi, Baba kuwa igiyar roba shuɗiya, uwa da ɗiya, doguwa wadda sai da na naɗe ta a kafaɗa kamar mai tallar tabarma. Duk hanyar Bungudu ina tsara yadda za a yi. Zan zauna gabansa, in yi naɗi uku in nuna masa ta zame, in yi shida in nuna masa ta kama, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce ashe yawon nan na Sule bai tafi a banza ba.

Na tarar da Baba yanar ido ta fara rufe masa gani, gwiwa kuma ta ƙi. Na tarar da Haruna ya zama wani ƙato mai faɗin kafaɗa, hannunsa kamar faranti. Na ajiye igiya gaban Baba. Ya shafa ta, ya sunsuna, ya ja ta tsakanin yatsu.

"Wagga santsi gare ta kamar bakin dillali," ya ce. "Allah shi yi albarka, Sule. Haruna, ɗauka ka ajiye, kai ke hawa."

Ku ji fa. Igiyar da na ɗauko a kafaɗata tun daga Gusau, ko zama ba ta yi a hannunsa ba ta wuce ɗakin Haruna. Maganar naɗi shida tana bakina, na haɗiye ta. Na ce a raina, to mai hawa, sai ka gano da kanka.

Kada ku ɗauka Baffanku ya yi min wani abu. Da ya yi ma da na samu sauƙi. Yaya sama, Yaya ƙasa, shi ke kawo min ruwan alwala. In ina ba da labarin teku bakinsa a buɗe har ƙuda ya kusa shiga. Amma Baba gyangyaɗi yake yi tun ban kai ga jirgin ruwa ba. Haruna kuwa da ya ce reshen gawon nan na gabas ya fara ruɓewa, sai ka ga tsoho ya miƙe zaune, wane reshe, na saman ko na ƙasan, su yi ta yi kamar masu raba gado. Ranar kasuwar Bungudu muka shiga tare, kowa Haruna na Jibo, Haruna na Jibo, wannan ya ba shi rake, wancan ya ce yaushe za ka zo ka duba min kukata. Wani dattijo ya ƙura min ido ya ce, wannan ba yayan Haruna ba ne da ya bi mota? Ni da na koya wa yaron nan fyace majina, yau da sunansa ake gane ni. Inna ce kawai ta lura. Rannan ina ta dagargaza tuwo da yatsa ban ci ba, ta ce min, Sule, tuwon dai ba shi ya yi maka laifi ba.

Ana cikin haka wani Alhaji mai sayar da hatsi a Tsafe ya aiko. Akwai wani tsohon maɗaci bayan gidansa, babban reshensa ya bushe, kuma daidai saman kwanon masallacin unguwa yake. Masu sara biyu sun zo sun ɗaga kai sun koma. Ana so a sare shi guntu-guntu kafin iskar farkon damina ta sauke shi kan masu salla. Baba ya tambayi tsawon iccen, aka kwatanta masa, ya ce uwar igiyarsa ta rama ba za ta kai ba. Haruna ya ce ai ta Yaya za ta kai har ta yi saura. Baba ya ce to, a gwada ta sosai kafin a yi nisa. Haruna zai hau, Sule zai riƙe jela.

"Baba, ni ne babba," na ce.

"Shi ya sa. Shekara tara ba ka hau ba, ƙafarka ta manta. Amma idonka bai manta ba. Ba a ba mutum jela sai wanda aka yarda da shi."

Rabin farko kawai kunnena ya ɗauka. Rabin na biyu sai daga baya ya iso, lokacin da ba shi da amfani.

Muka shiga bas zuwa Gusau, muka sake wata zuwa Tsafe. Igiya tana kafaɗar Haruna, fasinjoji suna taɓawa suna cewa igiyar zamani, shi kuma yana cewa Yayana ya kawo. Ko wannan ma haushi ya ba ni, don me zai riƙa yabona kamar mai ba ni sadaka. Da hantsi muka isa. Unguwa ta taru, masu shayi, masu faci, 'yan acaba sun kashe babura, mata suna leƙe ta saman katanga. Haruna ya jefa dutse sau biyu, na uku ya tsallake reshen da yake so, can sama da busasshen. Ya ɗaure ƙugu, ya soke barandami a baya, ya ɗauko ɗiya shuɗiya sabuwa fil. Ina tsaye ina ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya ƙulle.

Ya hau tsawon mutum, ya saki jiki. Ƙullin ya tsaya. Amma ni da ke ƙasa na ga ya ja kaɗan, bai fi faɗin yatsa ba, sannan ya tsaya. Irin tsayawar buhun gishiri.

"Yaya, ta kama?"

Bari in gaya muku abin da ke raina, don kada ku ɗauke ni abin da ban kai ba, kada kuma ku rage min. Ban so ya mutu ba, Allah shi ne shaida. So nake ya ƙara hawa kaɗan, ta zame da shi, ya dira da gindi gaban mutanen Tsafe, a yi dariya. Sai ni in matso in ce kawo nan, yaro, in yi naɗi shida, in hau, labari ya riga mu isa Karakkai. Abin da na saya da ran ƙanina ke nan, dariyar masu shayi.

"Ta kama," na ce.

Ya yi bismilla ya ci gaba. Ina jira ta zame, ba ta zame ba. Ya wuce tsawon mutum biyu, ya wuce kwanon masallaci. A nan ya kamata in ce sauko, sake. Amma in na faɗa yanzu, sai a ce to me ya sa ka ce ta kama? Duk taku ɗaya da ya ƙara, maganar sai ta ƙara nauyi a bakina, har ya zama ɗan mitsitsi a sama. Na damƙe jela da hannu biyu ban ko ƙifta ba. Daga baya mutane suka yi ta mamakin saurin hannuna. Ba sauri ba ne. Jira nake.

Ya kai ga busasshen reshe, ya kafa ƙafa a jikin icce, ya jingina baya a iska, ya zaro barandami. Sara na farko lafiya. Na biyu lafiya. A na uku ya ɗaga hannu biyu ya saki duk ƙarfinsa, jikinsa ya girgiza igiyar, sai na ji wani sauti kamar an ja zare cikin ƙyalle. Haruna ya taho. Jela ta fizge sama tana gudu cikin tafina. Na matse, ta ci gaba da gudu, na ji wuta, na ji ƙaurin roba da na nama. Ta ɗaga ni sama da ƙasa. Na naɗe ta a damtse na faɗa jikin saiwar iccen na kafe. Kafin ta tsaya ƙafarsa ta hagu ta daki wani reshe na ƙasa, kowa ya ji ƙarar. Ya tsaya yana lilo, tsakaninsa da kwanon masallaci bai fi kamu uku ba. Mutane suka kama jelar tare da ni muka sauke shi a hankali. Da aka buɗe hannuna, fatar ta bi igiya.

Aka kai shi wurin mai ɗori a Bungudu. Ni kuwa na zama abin kallo. Alhaji ya aiko min da riga, liman ya sa min albarka, a kasuwa aka daina cewa yayan Haruna, aka koma Sule mai jela. Sunan da nake nema ya zo har gida, na rasa inda zan ajiye shi.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ina zaune a rumfa Inna ta gama shafa min zuma a hannu ta shiga ciki. Baba yana gefe a kan buzunsa. Ashe ya sa an kawo masa ɗiyar nan. Yana ta murza ta, daidai inda ta narke ta yi sumul kamar kwalba.

"Sule, can inda kuka je, suna hawa da irin wagga?"

Na ce suna hawa.

"Da kai za ka hau, naɗi nawa za ka yi?"

Da na yi ƙarya da ta wuce, idonsa ba ya gani sosai. Amma ban taɓa iya yi wa muryar nan ƙarya ba. Na ce shida.

"Haruna ya tambaye ka ta kama?"

"Ya tambaya."

Ya sake murza igiyar. Kaji suna ta tone-tone a gabanmu. Sannan ya naɗe ɗiyar ya sa a aljihu, ya ce, to. Iyakar abin da ya ce ke nan, to. Bai zage ni ba, bai gaya wa Inna ba, bai gaya wa Haruna ba, har ya koma ga Allah bayan shekara huɗu bai sake tayar da maganar ba. Na sha zagin direbobi daga nan har bakin teku, babu wanda ya zauna min a ƙirji kamar wannan to.

Ƙafar Haruna ta ɗoru a karkace. Yana hawan ƙananan itatuwa, amma manya sun fi ƙarfinsa. Ni kuma da hannu ya warke, yatsun nan biyu suka ƙi lanƙwashewa, ba na iya damƙe igiya. Gidan Jibo mai hawa ya wayi gari da 'ya'ya biyu, babu mai hawa. Uwar igiyar Baba ta rama tana rataye a zaure har gara ta gama da ita. Da mai ya samu na koma mota, kuma in gaya muku gaskiya, ba neman abinci kaɗai ya mayar da ni ba. Ɗingishin nan ne ba na iya kallo kullum.

Bara da kaka, kun tuna na je Karakkai na kwana biyu, kuka ce me na tsaya yi. Wannan na je yi. Na same shi a gona yana ɗaure dawa, na taya shi da abin da hannuna zai iya, muka zauna a inuwa, na faɗa masa duka, tun daga buhun gishiri. Ina magana yana ɓare gyaɗa. Da na gama ya miƙo min rabi.

"Yaya, ni ma na ji ta ja."

Na ce mene?

"A ƙuguna take, ya za a yi ta ja ban ji ba? Na ji. Na kuma san ka san wani abu game da igiyar nan, tun ranar da ka kawo ta bakinka ke motsi. Amma in sauko gaban mutanen Tsafe in ce Yaya koya min? Kai ka ga teku, ka ga Ikko, ka dawo da takalmi da labari. Ni iccen nan kaɗai gare ni. Shi ma in ce sai ka nuna min?"

Na zauna ina kallonsa. Shekara tara ina yawo yana kishin ƙafata, na dawo ina kishin kafaɗarsa, Baba na tsakiya yana tufka igiya. Na ce masa duk da haka ni aka ba jela, ni aka tambaya, ni na amsa. Ya ce haka ne, wannan naka ne, ba zan karɓar maka ba. Na yafe tun ƙafar tana kumbure, amma naka ne. Sai ya tashi ya ce in kama masa damin nan, rana tana yi.

To kun ji. Ke Hadiza, in kin sake ba da labarin, ki fara daga faɗin yatsan nan da na gani na yi shiru. Ku kuma maza, duk ranar da ɗan'uwanku ya rataya ya tambaye ku ta kama, ku duba ƙullin, kada ku duba abin da ke cin ku.

Amma kada ku ce na warke sarai. Muna tafiya gida rannan, shi a gaba da dami a ka yana ɗingishi yana 'yar waƙarsa, ni a baya, sai na kama kaina ina jin haushi. Shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da abin nan kamar dutsen niƙa, shi kuwa tun ƙafa tana kumbure ya sauke nasa ya ci gaba da cin gyaɗa. Har yafiya ma yaron nan ya fi ni iyawa.